Gwanintar Ajiyar Goro a Zafin Ƙasar Gumel

Wanda ya taso daga Gagarawa ya bi ta Gumel ya nufi Maigatari, ko ya karkata yamma zuwa Sule Tankarkar, zai sha kallon gonakin gero da riɗi da wake da zoɓo, ga gawo ga aduwa ga kuka jefi-jefi, amma ba zai ci karo da bishiyar goro ko ɗaya ba. Goro ɗan kurmi ne. Yana son inuwa da ƙasa mai laima da ruwan sama na watanni masu yawa. Ƙasar Gumel kuwa rairayi ce, daminarta ba ta cika wuce wata huɗu ba, a watan Afrilu kuma zafin rana yakan haura digiri 40. Duk da haka, a faɗin ƙananan hukumomin nan huɗu na masarautar ba a ɗaura aure, ba a raɗa suna, ba a zuwa gaishe da suruki ko malami sai da goro. Ko albishir aka yi wa mutum, goro zai fara ambata kafin ya ji labarin.

Tsakanin bishiyar da ke Shagamu ko ƙasar Ondo da farantin da ake zagayawa da shi a ƙofar masallaci akwai tafiyar da ta kusa kilomita 1,000, akwai kuma makonni ko watanni na jira. A duk tsawon lokacin nan wani ne ya riƙe goron da rai. Kayan aikinsa kwando ne da ganye da algarara da tukunyar ƙasa da yashi da moɗar ruwa, waɗanda duka kuɗinsu bai kai na ƙaramar fanka ba. Sauran aikin na ido ne da hannu da hanci. Wannan gwaninta ta 'yan goro da tsofaffin matan gida ta cancanci a tsaya a dube ta da kyau.

Goro mai rai ne

Tushen ilimin gaba ɗaya shi ne sanin cewa goron da ake ci iri ne mai rai. Gero da wake ana shanya su su bushe ƙarau, a zuba a rumbu, su kwanta barci har shekara. Goro ba ya wannan barcin. Fiye da rabin nauyin ɗanyen goro ruwa ne, kuma yana numfashi dare da rana: yana shaƙar iska, yana fitar da zafi da gumi. Idan ruwan jikinsa ya ragu sai ya yamushe, ya buɗe baki, ya yi tauri, ɗanɗanon ya gudu, mai saye ya taɓa ya ajiye. Idan ruwa ya kwanta a kansa sai ya yi fumfuna, ko ya yi baƙin tabo ya ruɓe, ko ya fara tsiro. Idan aka toshe shi inda iska ba ta shiga sai ya dafa kansa da zafin numfashinsa. Idan kuma aka ƙuje shi ko aka jefa shi da ƙarfi, wurin da ya ji rauni yakan rine, kamar yadda fuskar goron da aka ɓara take sauya launi cikin 'yan mintuna, ta wannan ƙofa kuma ruɓa take shiga.

Saboda haka mai ajiya yana neman abu huɗu a lokaci guda: sanyi, da laima wadda ba ta kai jiƙewa ba, da 'yar iska wadda ba ta kai busarwa ba, da duhu. Kowanne cikinsu yana faɗa da ɗan'uwansa. Iskar da ke kawo sanyi ita ke kwashe laima. Ruwan da ke kawo laima shi ke gayyato fumfuna. Gwani shi ne wanda ya san inda zai tsaya a tsakani, ya kuma san cewa wurin tsayawar yana matsawa daga wata zuwa wata.

Gadon fatake

Hausawa sun daɗe suna wannan karatu. Littafin Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, Sarkin Nupe ya aika wa Sarauniya Amina goro 10,000, ya kuma ce a zamanin magajinsa Abdullahi Burja aka buɗe hanya daga Borno zuwa Gwanja. Daga baya fataucin ya zama sana'ar Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda masanin tarihi Paul Lovejoy ya rubuta littafi a kansu a 1980. Ayari yakan tashi da madugu da jagaba da ɗaruruwan jakuna, ya nufi kasuwar Salaga a arewacin Gana ta yau, ɗauke da tufafi da fatu da gabu da kanwa, ya juyo da goron ƙasar Asante. Zuwa da dawowa yakan ci watanni da yawa, wani lokaci kusan shekara.

Gumel tana da hannu a wannan ciniki. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ratsa Gumel a watan Maris na 1851 a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya tarar da ita babbar kasuwar kanwa a bakin ƙasar Borno. A wancan zamani kanwa tana cikin manyan hajojin da ake musanyawa da goro a kudu. Shi dai Barth ɗin ya ƙiyasta cewa goron da ke shiga Kano a shekara ya wuce kayan jaki 500, ya kuma lura cewa haja ce mai saurin lalacewa, ribarta sai wanda ya iso da ita lafiya.

Yadda fatake suke isowa da ita lafiya shi ne abin mamaki. Akan shimfiɗa ganyen fita mai faɗi a cikin waga, a jera goro, a rufe, a ɗaure tam. A zango ana sauke kaya a inuwa, a kwance, a tsince wanda ya fara lalacewa, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Haka za a yi ta yi daga ƙasar kurmi har ƙasar ƙaya, iska tana ƙara bushewa kullum, hannun mai yayyafi yana ƙara nauyi daidai da ita. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka koma biyo da goro ta teku da dogo, a 1930 kuma dogon ya miƙe zuwa Nguru ta Gagarawa. A farkon ƙarni na 20 manoman ƙasar Yarbawa, daga Agege zuwa Shagamu, suka rungumi shukar irin goron Gwanja, cinikin ya karkata can. Yau babbar mota ce ke sauke huhuna a kasuwar goro ta Mariri a Kano, daga nan ƙananan motoci su bi ta Gezawa da Gujungu su kai Gumel, wasu su zarce kasuwar Alhamis ta Maigatari, inda masu saye daga ƙasar Damagaram suke tsallakowa. Kwanakin tafiya sun ragu ƙwarai, amma halin goron bai sauya ba, don haka dabarun zango suna nan a rumfar mai goro da ɗakin uwargida.

Zaɓe kafin ajiya

Ajiya tana farawa tun a kurmi. Ana fasa kwanson, a jiƙa 'ya'yan ko a tara su har farar fatar da ke lulluɓe da su ta yi laushi, a murje ta, a wanke, a zuba a kwando marar shimfiɗa na 'yan kwanaki don goron ya fitar da guminsa na farko. Sai an gama wannan ake naɗe shi a ganye. Goron da aka ɗaure bai gama gumi ba yakan iso Arewa da ɗumi a cikinsa, kuma gwanin mai saye yana gane haka da ya cusa hannu tsakiyar huhu.

Wanda zai ajiye goro a gida, ko ƙwarya ɗaya ce, wato guda 100, da zaɓe yake farawa. Yana ware manya, marsa, daga ƙanana, minu. Yana ware fari daga ja. Yana ɗaga kowanne ya ji nauyinsa, domin goro mai lafiya ya fi yadda ido ke zato nauyi. Yana duba bakin, inda ɓari biyun suka haɗu: in a rufe yake gam, madalla, in ya fara buɗewa, na ci ne yau da gobe. Yana neman ɗan ƙaramin huji ko tabo mai duhu ko wuri mai laushi. Yana sansanawa, domin tsami yana riga tabo bayyana. Duk wanda ya faɗi jarrabawar nan ba ya shiga tukunya, komai girmansa da kyan launinsa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma a harkar goro hakan yana faruwa cikin mako guda.

Wurin kwana

Daga nan sai wuri. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango, mai rufin azara ko na ciyawa, ya fi ɗakin siminti mai rufin kwano nesa ba kusa ba, domin bangon ƙasa yana jinkirta shigar zafin rana har sai yamma ta yi. A cikin ɗakin ma ana neman lungun da bangonsa ba ya shan ranar la'asar, a ƙasa, nesa da murhu da kananzir da turare da albasa, saboda goro yana ɗaukar warin maƙwabcinsa. A gidaje da yawa wurin da ya cika waɗannan sharuɗɗa shi ne gindin randa, inda yashi ke da laima kullum. Shi ya sa idan baƙo ya zo, can za ka ga Inna ta nufa.

Mai huhu yana shimfiɗa ganye a kwando, ya jera goro, ya rufe da ganye, ya lulluɓe da algarara mai laima, ya ɗora kwandon a kan katako ko duwatsu don iska ta bi ta ƙasa. Mai ƙwarya ɗaya ko biyu yana naɗewa a ganye ko tsumma mai tsabta da aka jiƙa aka matse sosai, ya sa a ƙaramar tukunyar ƙasa, ya nutsa gindinta a jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da faifai. Ƙa'idar da ba ta sauyawa ita ce ruwa yana zuwa kan mayafi da yashi, jikin goron kuwa laima kawai yake ji. Mai talla da faranti a bakin tasha ma wannan ƙa'ida yake bi. Kaɗan yake fitarwa, ya rufa da tsumma, ya riƙa yayyafi da yatsu, sauran kayan suna inuwa.

Leda ta shigo sana'ar, tana kuma da amfani, domin tana riƙe laima fiye da ganye kuma ba ta bushewa. Illarta ita ce ba ta numfashi. Wanda ya ɗaure bakinta ya manta zai dawo ya tarar da raɓa ta kwanta a ciki, goron ya yi ɗumi. Masu sani suna sassauta ɗaurin, ko su huda ta, ko su sa ganye tsakaninta da goron, suna kuma buɗewa a kai a kai don ya sha iska. Firji ma ba ya raba gardama. Iskarsa busasshiya ce, tana tsotse abin da ba a naɗe ba. Idan wuta ta ɗauke raɓa ta sauka a kan kayan. Firiza kuwa kashe goro take yi, ya narke ya yi laushi ya yi duhu.

Yadda bushewa ke haifar da sanyi

A nan ne hikimar ta fi burgewa. Busasshiyar iskar da ke barazana ga goro ita ce kuma ake sa wa aikin sanyaya shi. Ruwa ba ya tashi ya bi iska sai ya kwashi zafi daga abin da yake kai. Lita ɗaya idan ta ƙafe takan tafi da zafin da ya ninka sau 5 wanda ake buƙata a ɗauki litar daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Jikin randa yana da ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska tana lashewa, abin da ke ciki yana sanyi. Gwargwadon bushewar iska, gwargwadon saurin aikin. A bazarar Maigatari, lokacin da laimar iska ke faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin 100, randa ta fi yin sanyi a kan yadda za ta yi a Legas ko Fatakwal. Jiƙaƙƙiyar algarara da yashin gindin randa duk wannan aikin suke yi.

Wani malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, Mohammed Bah Abba, wanda ya fito daga gidan magina tukwane, shi ya ɗauki wannan tsohon sani ya ba shi sabon tsari a shekarun 1990. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi, ya jiƙa yashin, ya rufe baki da tsumma mai laima. Ana ƙara ruwa safe da yamma. A gwaje-gwajensa gauta da kan lalace cikin kwana 3 ta kai kwana 27, tumatir da tattasai suka kai mako 3. Ya fara rarraba tukwane 5,000 a ƙauyukan Jigawa da kuɗin aljihunsa, a 2000 ya sami lambar yabo ta Rolex, a 2001 kuma mujallar Time ta Amurka ta sa tukunyar cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekara. Dabarar ta bazu zuwa Sudan da wasu ƙasashen Sahel.

Mai ajiyar goro da ya ga wannan tukunya ba zai ga baƙon abu ba, domin abin da gindin randa ke yi ne aka tattara wuri guda. Wanda zai yi amfani da ita sai ya kula da abubuwa uku. Tukunyar waje kada a shafe ta da siminti ko fenti, in ba haka ba ruwa ba zai tsattsafo ba. A ajiye ta a inuwa inda iska ke wucewa, a ɗan ɗaga gindinta. Kuma a shimfiɗa ganye ko faifai a ƙasan tukunyar ciki, don in ruwa ya yi zufa ya taru kada goro ya kwana a cikinsa.

Hunturu, bazara, damina

Babban girbin goro yana zuwa daga Oktoba zuwa Disamba, wato sabon goro yana isowa Arewa daidai lokacin da hunturu ke kama ƙarfi. Sanyin hunturu alheri ne, amma iskarsa ita ce mafi ƙishirwa a shekara. Algarara da aka jiƙa da asuba tana iya bushewa kafin azahar. A wannan lokaci ana ƙara kaurin mayafi, a toshe inda iska ke kaɗawa kai tsaye, a yawaita yayyafi, a rage buɗe kaya ba dalili.

Bazara, daga Maris zuwa Mayu, ita ce jarrabawa mafi tsanani. Zafi yana sa goro saurin numfashi, ya ƙone abincin jikinsa, ƙwari kuma su yi saurin hayayyafa. Nan ake komawa ga tukunya da yashi. Ana duba kaya da sassafe ko bayan magariba, ba a kwance huhu da tsakar rana. Ana raba babban tari zuwa ƙanana, domin tsakiyar babban tari ita ke fara ɗumi.

Da ruwa ya sauka sai lissafi ya juye. A Agusta iska ta ƙoshi da laima, ruwa ba ya ƙafewa da sauri, randa ba ta yin sanyin da ta saba. Wanda ya ci gaba da yayyafin bazara zai girbi fumfuna. Sai a janye hannu daga ruwa, a ɗaga kwando daga ƙasa, a yawaita sauya ganye, a bar iska ta wuce. Babu ma'aunin da ke gaya wa mai goro ranar da zai sauya. Bayan hannunsa da yake ɗorawa a kan algarara shi ke gaya masa.

Sankara

Babban abokin gabar goro ɗan ƙwaro ne mai dogon baki, wanda ke saka ƙwai a jikin goron tun a kurmi, musamman a kwanson da ya faɗi ƙasa ya daɗe ko ya fashe. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa a ciki, tsutsar ta yi ta ci tana barin gari mai ruwan ƙasa, cikin kimanin wata guda ta zama ƙwaro ta fito ta nemi goro na gaba. Daga waje goron yana iya zama sumul, sai an ɓara a ga sankara. Masu bincike a Cibiyar Binciken Koko ta Najeriya da ke Ibadan, wadda goro ke cikin amfanin gonar da aka ɗora mata, sun daɗe suna nazarin wannan ƙwaro, kuma abin da aka fi dogara da shi har yau shi ne abin da fatake suka yi: a tsince da hannu, a tsince da wuri.

Don haka ake zazzage kaya a kan tabarma, kowane mako a farkon ajiya, daga baya a sassauta idan an ga lafiya. Ana bin goro ɗaya bayan ɗaya. Yatsun gwani suna juya shi sau ɗaya su san ko ya koma kwando ko ya fita. Wanda ya fara tsiro a cire tsiron a sa shi a sahun sayarwa. Mai sankara a kai shi nesa, kada a yar a gefen rumfa. A goge kwandon, a sauya ganyen da ya yi baƙi, a mayar da na ƙasa sama. Yaron da ke koyon sana'a yakan yi shekaru a wannan tabarma kafin maigidansa ya yarda ya bar masa huhu. Abin da yake yawan ji shi ne, “Sannu dai, yaro, ajiyewa ake yi, ba a jefawa.”

Akwai gajeriyar hanya da wasu ke bi, kuma mummuna ce. Suna zuba maganin ƙwari a ruwan wankin goro, ko su sa ƙwayar hayaƙin da ake sa wa hatsi. An daɗe ana ambaton Gammalin 20 a wannan harka, alhali sinadarin da ke cikinsa, lindane, an sa shi cikin jerin waɗanda Yarjejeniyar Stockholm ta hana tun 2009. Goro ba a dafa shi, ba a feraye shi, daga hannu sai baki. Mai ajiyar da ya san aikinsa ba ya buƙatar guba, kuma mai saye yana da haƙƙin ya sansana ya tambaya.

Masu irin wannan damuwa a wata duniya

Akwai wasu mutane a nesa da ke fama da matsala mai kama da wannan: masu ajiye tabar siga, wato mai kaurin nan da ake naɗewa da ganyen taba zalla, wadda ƙasar Kuba ta yi suna a kanta. Su ma suna gudun bushewa, suna gudun fumfuna, suna kuma da nasu ƙwaron da ke ƙyanƙyashewa idan zafi ya yi yawa. Abin da suke nema shi ne laima kusan kashi 70 cikin 100 da sanyi kusan digiri 21. Mai hali yana sayen akwati na musamman da aka lulluɓe cikinsa da katako mai ƙamshi, har da na'urar sanyaya. Marar hali yana amfani da kular ƙanƙara ko robar abinci mai murfi, ya sa ɗan ƙunshin da ke daidaita laima, ya ajiye a lungu mafi sanyi a gida.

Amma nasu aikin ya fi sauƙi. Ganyen taba matacce ne, ana iya toshe shi a akwati a yi wata ba a leƙa ba, ana ma iya sa shi a firiza na 'yan kwanaki don kashe ƙwan ƙwaro. Mai goro ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kayansa suna numfashi, ba sa jure toshewa, ba sa jure ƙanƙara, kuma yana riƙe da su a ƙasar da zafinta ya kusa ninka wanda mai siga ke nema. Shi ba shi da agogon auna laima a jikin murfi, kuma duk da haka yana fitar da kayansa lafiya bayan watanni.

Daushe

Ladan wannan wahala sunansa daushe. Sabon goro yana da ɗaci da kaifi, ga ruwa. Wanda ya daɗe a hannun gwani yakan huce, ɗacin ya lafa, ya yi garɗi, ya bar ɗan zaƙi a baki bayan an sha ruwa. Tsofaffin masu cin goro suna neman sa da suna, suna biyan abin da aka ce, domin da tsohuwar zuma ake magani. Goron da aka kula da shi yadda ya kamata yana iya kai shekara. Ɗan kasuwar da ya saya lokacin da kaya suka cika kasuwa, ya riƙe har suka yi ƙaranci, ribarsa ita ce bambancin farashin bayan an cire abin da ya tsince ya zubar. Gwaninta ita ke ƙayyade yawan wannan zubarwa. Mutum biyu suna iya sayen huhu iri ɗaya a Mariri rana ɗaya, bayan wata biyar ɗaya ya ci riba ɗaya ya ci bashi.

Magidanci ma yana da rabo a wannan lissafi. Wanda ke da ɗaurin aure ko suna a gaba yana iya sayen 'yan ƙwarya lokacin araha, ya kashe kuɗi kaɗan a kan tukwane biyu da kwanon yashi da guntun algarara, kuɗin kuma su shiga hannun maginiyar garinsu. Tukunyar da ta gama da goro za ta karɓi tumatir da gauta da alayyahu. Abin da ba a saye a kasuwa shi ne sanin yawan ruwan da ya isa a Janairu da wanda ya yi yawa a Agusta, da yadda ɗumin tsakiyar kwando yake a tafin hannu kwana ɗaya kafin ɓarna ta bayyana. Wannan yana hannun dattawan rumfunan goro na Gumel da Maigatari, da iyaye mata a Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma ba sa rowar sa. Wanda ya je ya gaishe su, ya zauna a gefen tabarma ranar da suke zazzage kaya, ya sa hannu ya taya su tsinta, zai koya a zama biyu ko uku abin da zai hana shi asarar ƙwaryarsa ta farko.